Ku Tambaya Mu Amsa: Imani da Zaman Masu Daina Giya

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu guda suke: mutumin da giya ta kama, yana neman rabuwa da ita, wane gurbi addininsa yake da shi a jinyar, musamman idan aka haɗa shi da ƙungiyar masu fama irin nasa. Mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun.

TAMBAYA: Ni Musulmi ne mazaunin Amurka. An kama ni ina tuƙi a buge, alƙali ya ce in riƙa halartar zaman AA. Na je sau biyu. A wani ɗaki na coci ake yi, ana ta ambaton Ubangiji, da za a tashi kuma aka riƙe hannu aka yi addu'ar Kiristoci. Wannan ba shiga wani addini ba ne? (Wani direba, Amurka)

AMSA: Malam, wannan gardama ta girme ka, domin tun ana kafa ƙungiyar ake yin ta a cikin gida. Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA, ƙungiya ce ta mashaya masu taimakon juna wajen daina sha. Ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, inda mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, da Bob Smith, likitan tiyata. Dukansu sun ratsa ta wata ƙungiyar farfaɗo da Kiristanci mai suna Oxford Group, wadda fasto Frank Buchman ya kafa. Daga can suka ɗebo miƙa wuya ga Ubangiji, da binciken kai, da furta laifi ga wani, da biyan haƙƙin wanda aka cuta. Saboda haka ƙamshin coci da ka ji, hancinka bai yaudare ka ba.

Sai dai a cikin mutanen farko akwai waɗanda ba su yarda da samuwar Ubangiji ba sam, irin su Jim Burwell, kuma suka kafe cewa idan aka mayar da abin wa'azi, mashayi zai juya tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa da aka buga littafin ƙungiyar a 1939, matakai 12 da ke cikinsa suka zo da lafazi mai faɗi: mataki na 2 ya ce wani iko da ya fi namu, na 3 da na 11 suka ce Ubangiji gwargwadon yadda muka fahimce shi. Ƙa'idojin da suka amince da su a 1950 kuma sun ce sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne tak, wato son daina sha. Babu kalmar shahada, babu baftisma, babu limami ko fasto a gaba, babu kuɗin rajista. Coci kuwa haya suke kamawa a ciki saboda araha.

Addu'o'in da aka fi yi biyu ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta farko gajera ce, ana danganta ta ga malamin Kirista Reinhold Niebuhr: roƙon natsuwar karɓar abin da mutum ba zai iya sauyawa ba, da ƙarfin halin sauya wanda zai iya, da basirar bambance su. Ma'anarta ba ta ci karo da tauhidi ba, kana iya roƙon Allah hakan da harshenka. Ta biyu ita ce wadda take farawa da kiran Ubangiji Uba, kuma wannan addu'ar Kiristoci ce tsantsa, Musulmi ba ya faɗinta. Ka tsaya shiru kana naka zikiri a zuci, ko ka fita kafin a fara. Babu mai ikon korar ka a kan haka. Za ka kuma ji wasu na cewa ikon nan da ya fi naka yana iya zama ƙungiyar kanta. A wurinka ba haka ba ne. Allah kaɗai ake dogaro da shi, ƙungiya sababi ce kamar yadda likita yake sababi.

A ganinmu zama a ɗakin nan ba barin addini ba ne, kuma barin zuwa ya fi zama haɗari a gare ka. Amma ba dole sai wannan ɗakin ba. Kowane zama da ɗabi'arsa, ka gwada wurare biyar ko shida kafin ka yanke hukunci. Akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Akwai SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ba ta taɓa zancen addini, dabarun sarrafa tunani da sha'awa kawai take koyarwa. Ta fuskar doka, babbar kotun jihar New York a 1996, da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 2007 a shari'ar wani mabiyin addinin Buda daga Hawaii, sun yanke cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum zaman da ke da ruhin addini irin wannan. Kada dai ka daina zuwa da kanka. Lauyanka ya rubuta wa kotu yana neman a musanya maka, kai kuma ka ci gaba da zuwa ana sa maka hannu a takardar halarta har amsa ta fito.

TAMBAYA: Shin imanin ne yake warkar da su, ko dai zaman tare ne kawai? (Wata ma'aikaciyar jinya, Zariya)

AMSA: 'Yar'uwa, an auna wannan. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta fitar da bitar da John Kelly da abokan aikinsa suka yi wa bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. A inda ma'aikatan lafiya suka bi tsararren shiri na haɗa majinyaci da AA, kusan mutum 42 cikin 100 sun cika shekara ba su kurɓa ba, alhali a sauran hanyoyin jinya ta magana 35 ne. Ki lura da ɗaya gefen lissafin: ko a hanyar da ta fi, fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar. Duk wanda ya yi wa iyali alkawarin waraka ɗari bisa ɗari, ko malami ne ko likita, bai faɗa musu gaskiya ba.

Da masu bincike suka bi diddigin abin da yake kawo sauƙin, abin da ya fi nauyi shi ne sauya abokan zama, da samun ƙwarin gwiwar cewa a'a a wurin da ake miƙo kwalba. Zama da maɗaukin kanwa ne, amma ta fuskar alheri. Ƙaruwar ibada da addu'a ta fi nuna tasiri a wurin waɗanda giyar ta fi yi wa illa, waɗanda suka rasa aiki da aure da mutunci. An kuma ga cewa marasa addini ba su cika zuwa zaman ba, amma waɗanda suka daure suka riƙa zuwa suna amfana kamar kowa.

To imani fa, ba shi da aiki? Yana da shi, kuma babba. Shi yake hana mutum yanke ƙauna bayan faɗuwa ta biyar. Shi yake raba yini gida-gida, ta yadda mai sallah biyar a jam'i ba ya fuskantar awa 24 a dunƙule, daga Azahar zuwa La'asar kawai zai daure, sannan daga La'asar zuwa Magariba. Shi kuma yake ba mutum wurin sauke nauyin kunya, wadda ita ce man da ke rura sha. Inda abin yake lalacewa shi ne mutum ya kulle kansa a ɗaki da carbi, ya ce tsakaninsa da Allah ne, amma majalisarsa ta yamma tana nan yadda take, lambobin wayar abokan sha suna nan, hanyar da yake bi ya dawo gida tana ratsa ƙofar gidan giyar nan dai.

TAMBAYA: Na ji hadisin da ya ce duk al'umma ana yafe mata sai masu bayyana zunubi. Ta yaya zan zauna gaban mutane in ce ni mashayi ne, in kuma zayyana wa wani laifuffukana kamar yadda mataki na 5 ya ce? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

AMSA: Alhaji, hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ka yi daidai da ka tsaya a kansa. Amma ka duba siffar da ya bayar: mutum ya aikata abu da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye yana cewa wane, jiya na yi kaza da kaza. Wannan tallar saɓo ce. Ka kwatanta da sahabin da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa na halaka, domin ya sadu da iyalinsa da rana a Ramadan. Ba a ce masa ya tona asirin kansa ba, mafita aka ba shi. Malamai sun bambanta mai faɗa don alfahari da mai faɗa don neman fatawa ko magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda abin yake a aikace. Mataki na 4 rubutu ne da mutum yake yi shi kaɗai: waɗanda yake riƙe da su a zuci da dalili, abubuwan da yake tsoro, waɗanda ya cuta, da nasa kason laifin a kowane. Mataki na 5 shi ne karanta wannan ga mutum ɗaya, ba ga taro ba. Kai kake zaɓen mutumin. Yana iya zama wanda ya riga ka daina sha yake yi maka jagora, ko malamin da ka tabbatar yana da riƙon amana, ko likitan ƙwaƙwalwa. Amfaninsa shi ne mashayi gwani ne wajen yaudarar kansa, yakan ga laifin kowa ban da nasa, ko kuma ya ga kansa shi ne mafi sharrin halitta. Kunnen wani yana daidaita duka biyun.

Iyakoki uku za ka kiyaye. Kada ka ambaci sunan wanda kuka yi saɓo tare, asirinsa ba naka ba ne. Kada ka ƙawata labarin maye har masu saurare su ji daɗinsa, domin nan ne zaman jinya yake komawa abin da hadisin ya hana, kuma yana tayar wa sabbin shiga da ƙishirwa. Sannan duk abin da ya shafi laifin da kotu ke hukuntawa, ka fara kai shi wurin lauya, saboda alkawarin sirri na ƙungiya alkawarin mutunci ne, doka ba ta san shi ba.

Matakai na 8 da 9 kuwa ba baƙi ba ne a wurinka. Su ne sharaɗin tuba na huɗu da ka sani, bayan dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa: mayar da haƙƙi ga mai shi. Ka jera sunaye, ka biya bashin da za ka iya ko da kaɗan-kaɗan ne, ka nemi gafara ba tare da kawo uzuri ba. Matakin ya keɓe wuri ɗaya, inda zuwan naka zai cutar da mutumin ko wani. Kada ka je ka sauke nauyin zuciyarka a kan matar da ba ta san abin da ya faru ba, ka rusa mata gida don kai ka samu barci.

TAMBAYA: Maigidana yana sha kullum. Bara ya daina a daren farko na azumi, kwana biyu sai jikinsa ya kama rawa, yana ganin ƙwari a bango, aka kira mai ruƙiyya. Da sallah ya koma. Bana ma ya rantse zai daina ranar ɗaya ga wata. Me zan yi? (Wata uwargida, Kaduna)

AMSA: Hajiya, wannan ita ce wasiƙar da ta fi gaggawa a cikin duka, don Allah ki karanta amsar sau biyu. Abin da ya samu maigidanki bara ba aljanu ba ne, kuma yana iya kisa. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan aka shekara ana danne ta kullum, sai ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki. Ranar da aka janye giyar gaba ɗaya, wutar nan tana nan, abin da ke danne ta ya tafi.

Lokutan sanannu ne. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya, bugun zuciya, rashin barci. A cikin kwana biyun farko: jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga awa 48 zuwa 96: ruɗewa, zazzaɓi, gane-gane, mutum bai san inda yake ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, kuma wanda ya taɓa shiga cikinsa ya fi kowa yiwuwar sake shiga, sau da yawa fiye da na baya. Ki haɗa da ƙishirwar azumi da rashin abinci, sai haɗarin ya ninka.

Ga ma'auni. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kimanin giram 24 na tsantsar barasa. Ƙa'idar likitocin Ingila ita ce wanda ke wuce giram 120 a rana, wato manyan kwalabe 5, kada ya daina sai da kulawar ma'aikacin lafiya. Wanda ya kai ninkin haka, ko ya taɓa jijjiga ko ruɗewa, kwantar da shi ake yi. Maigidanki yana cikin rukuni na biyu ko nawa yake sha. Burkutu da ogogoro da 'yan ƙananan leda ba a iya ƙiyasta ƙarfinsu da ido, don haka alamar da za a duba ita ce: yana buƙatar kurɓa da safe kafin hannunsa ya tsaya?

Niyyarsa mai kyau ce, kada ki kashe masa ita, lokacin kawai za a matso da shi. Tun farkon Sha'aban ku je asibitin da ke da sashen ƙwaƙwalwa. A Kaduna akwai asibitin tarayya na Barnawa, akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, a Kano akwai Dawanau da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Ya faɗi ainihin abin da yake sha, da duk wata ƙwaya da yake haɗawa. Abin da ake yi yawanci shi ne a ba shi maganin kwantar da ƙwaƙwalwa irin su dayazifam, ana rage shi kullum har ya ƙare a cikin kamar mako guda, tare da allurar bitamin B1. Wannan bitamin ba ado ba ne. Mashaya suna ƙarancinsa, kuma idan aka ɗura wa irinsu ruwan sukari babu shi, ƙwaƙwalwa tana iya samun lahanin da ba ya gyaruwa. Kada ki sayo dayazifam a kemis ki ba shi a gida, domin idan ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi.

Idan azumi ya riske shi yana tsakiyar jinya, mara lafiya ne, Alƙur'ani ya ba shi rangwamen ramawa. Addu'a da karatu a gefen gadonsa alheri ne, a yi su a asibitin. Sannan tun kafin a ga watan Shawwal ku shirya ranar sallah da makon da ke biye: wa zai yini da shi, ina zai je bayan Isha, kuɗin sallah a hannun wa za su zauna. Bara Ramadan ya ba shi jama'a da tsari na kwana 30, ranar idi aka janye masa duka biyun lokaci guda.

TAMBAYA: An ce wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Tunda haka ne, idan na faɗi sai in bar sallar har kwanakin su cika. (Wani matashi, Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, ka fahimci hadisin a juye. Malamai sun bayyana cewa lada ne ake hanawa, wajibcin sallar yana nan a wuyanka, kuma ruwayar kanta ta ce idan ya tuba Allah yana karɓar tubarsa. Barin sallah ya fi shan giyar girma. Ta fuskar jinya kuma, wannan tunani shi ne yake mayar da kurɓar dare ɗaya ta zama wata guda a kwance: tunda na ɓata, bari in ƙarasa. Da zarar maye ya sake ka ka san abin da kake faɗa, ka yi wanka ko alwala ka rama abin da ya wuce ka, ka kira mutum ɗaya da ya san halinka a ranar, ba gobe ba. Aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, da waɗanda suka yi wa kansu ɓarna take magana.

TAMBAYA: Ni Kirista ne. An yi mini addu'ar kuɓuta, wani dattijo a ikilisiyarmu ya ce in zubar da maganin da likita ya ba ni, shan sa rashin bangaskiya ne, kuma in daina kiran kaina mashayi. (Wani malamin makaranta, Jos)

AMSA: Malam, ka girmama dattijon, amma kada ka zubar da maganin. Mai ciwon sukari ba ya jefar da allurarsa don an yi masa addu'a. Magungunan hana komawa sha uku ne sanannu, kuma babu mai sa maye a cikinsu. Naltireson, yawanci miligiram 50 sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da ƙwaƙwalwa ke samu daga giya. Sharaɗinsa mai tsauri ne: wanda ke shan tiramadol ko kodin dole ya yi kwana 7 zuwa 10 babu su kafin ya fara, in ba haka ba zai faɗa cikin matsanancin ciwon janyewa nan take, kuma ana duba hanta. Akamfuroset, miligiram 666 sau uku a rana ga mai cikakken nauyi, yana kwantar da rashin sukunin watannin farko, shi kuma ƙoda ake dubawa. Disalfiram yana sa wanda ya kurɓa ya yi amai, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, kuma tasirinsa yana iya kai mako biyu bayan an daina. A nan muna roƙon iyalai: kada a taɓa barbaɗa wa mutum shi a abinci a ɓoye, haɗuwarsa da giya tana iya kisa.

Batun suna kuwa, 'yan AA suna cewa ni mashayi ne ko bayan shekara 20 don su tuna wa kansu cewa kofi ɗaya ya isa ya mayar da su gidan jiya. Ba dole ka yi amfani da lafazin ba. Celebrate Recovery, ƙungiyar Kiristoci irin AA wadda aka fara a cocin Saddleback na Kalifoniya a 1991, mutanenta sukan gabatar da kansu a matsayin masu bi da ke fama da giya. Ka kira kanka abin da bangaskiyarka ta yarda da shi, muddin ba ka kai ga gwada kofi ɗaya a wurin biki don ka tabbatar ka warke ba. Wasiƙar Yaƙub 5:16 ta haɗa furta laifi ga juna da yi wa juna addu'a, wato ita ma ba ta bar mutum shi kaɗai ba.

TAMBAYA: Dangi sun ce a kai ƙanena gidan mari. (Wata baiwar Allah, Katsina)

AMSA: Kada ku kai shi. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ga mashayin giya akwai ƙarin haɗari, domin kwana huɗun farko su ne na jijjiga da ruɗewa, kuma a can babu mai maganinsu. Duk wurin da za ku kai shi ku tambaya: akwai likita, ana barin dangi su gan shi, da yardarsa zai zauna?

TAMBAYA: Kwamitin masallacinmu yana son buɗe zama na masu son daina sha. Ta ina za mu fara? (Wani na'ibin limami, Bauci)

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Kuna da madogara mai ƙarfi. Haramcin giya a mataki-mataki ya sauka: aya ta 219 a Baƙara, sannan ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da hana giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Haramcin ya riga ya tabbata, babu mai sassauta shi, amma darasin yadda ake jan zuciya yana nan. Bukhari kuma ya kawo labarin sahabin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wanda ba zai iya kallon mashayi da wannan ido ba, kada a sa shi a aikin.

Abu na farko sirri. A jihohin da ke aiki da dokokin shari'a tun wajen 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi, ga kuma tsoron a hana mutum aure ko a kore shi aiki. Don haka babu rajistar sunaye, babu hoto, babu ɗaukar murya, wayoyi a kashe. Kada a yi zaman a harabar masallaci inda kowa zai ga mai shiga, kada a manna allo a ƙofa. Ajin makaranta da yamma ko ɗaki a asibitin unguwa ya fi. Sanarwa a huɗuba ta tsaya a lambar waya ɗaya da mutum ɗaya amintacce yake riƙewa.

Mutum 6 zuwa 12 sun isa. Rana ɗaya tsayayya, awa ɗaya, kuma a zaɓi lokacin da aka saba fita sha, wato bayan Isha, musamman daren Asabar da ƙarshen wata idan albashi ya shigo. A buɗe da gajerar addu'a, a karanta ƙa'idoji, sannan kowa ya samu minti 3 zuwa 5 ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara, wanda ya ce yau saurare zai yi a ƙyale shi. A rufe da tambaya ɗaya ga kowa: wane lokaci ne ya fi maka haɗari a makon nan, wa za ka kira? Mata su yi nasu zaman daban da mace a gaba. Iyalai ma suna buƙatar nasu, kamar yadda matan mashayan Amurka suka kafa Al-Anon a 1951.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne ya rikiɗe ya zama wa'azi. Mutanen nan sun san giya haram ce tun suna makarantar allo, abin da ba su sani ba shi ne yadda za su wuce ƙarfe tara na dare. Jagorancin ɗakin ya kasance a hannun wanda ya ɗanɗana ya daina, aƙalla shekara guda. Liman ya zo sau ɗaya a wata don amsa tambayoyin tuba da sallah da haƙƙin iyali, in an gama ya ba su wuri. Sauran masu kashe zama su ne rance tsakanin 'yan ƙungiya, da gardamar ɗariƙa da Izala ko ta siyasa, da mai kuɗi ɗaya da ya ɗauki nauyin komai har ya zama ba a iya faɗa masa gaskiya. A ajiye gwangwani, kowa ya jefa abin da ya samu na shayi da haya.

Wanda ya zo a buge ba a korarsa, sai dai ba a ba shi magana a ranar, mutum biyu su raka shi gida su kuma neme shi da safe. Kafin zama na farko ku samu ma'aikacin lafiya ɗaya da ya yarda a kira shi ko da dare. Duk sabon da ya ce kullum yake sha, ko hannunsa na rawa da safe, ko ya ambaci kashe kansa, a raka shi asibiti a ranar, kujerarsa kuma a ajiye masa har ya dawo.